Wasiƙa ga Iyaye: Halin da Ɗakin Gwajin Bayoloji Yake Ciki

Assalamu alaikum iyaye da masu riƙon ɗalibanmu. Da fatan an shiga zango na biyu lafiya.

Maganar gyaran ɗakin gwajin Bayoloji da muka yi a taron PTA ce ta sa na rubuto, domin har yau shiru kake ji. Tagogin ɗakin gwaji suna nan a fashe, hunturun bana kuwa bai raga mana ba. Ƙura ta cika maikuroskof, wato na'urar duba ƙananan abubuwan da ido ba ya iya gani. Yaro zai ɗora siririn ɓawon albasa ya leƙa, maimakon ya ga ƙwayoyin halitta jere kamar tubali, sai dishi-dishi. Katangar lambu ma tun damina ta zube, awaki sun cinye wake da masarar da 'yan SS2 suka shuka don nazarin tsiro. Masu awakin sun san kansu.

Wasu iyayen suna cewa ai Bayoloji hadda ce. Ba haka ba ne. WAEC da NECO duk suna da jarrabawar aikin gwaji, inda za a ajiye wa yaro ganye ko kyankyaso ko ƙashi, a ce ya zana, ya rubuta sunayen sassan, ya faɗi aikinsu. Wanda bai taɓa ɗiga aidin a kan sitaci ya ga launin ya rikiɗe ba, ranar nan hannunsa rawa zai yi. Kuma mai burin ɗansa ya karanci likitanci ko aikin jinya ya sani, in babu kiredit a Bayoloji zance ya ƙare. Ga kuma cunkoso. Tsarin ilimi na ƙasa ɗalibai 40 ya tanadar wa aji a sakandare, namu sun wuce haka nesa ba kusa ba. Na kujerar baya ko allo ba ya gani, balle abin da ke kan tebur.

Malamar Bayoloji kam sai godiya. Ranar Asabar take fitowa ta karkasa 'yan SS3 rukuni-rukuni, albasar ma da kuɗinta take sayowa. Allah ya saka mata. Da ma wasu za su yi koyi.

Abin da muke roƙo bai taka kara ya karya ba: gilashin taga, raga, bulo da siminti. Mai sana'ar kafinta ko gini ya kawo ƙarfinsa. Muna so a gama kafin Mayu, lokacin WAEC.

Masu bashin kuɗin makaranta su zo ofis. Wayar da aka kama a aji sai ƙarshen zango. Ana rufe ƙofa ƙarfe takwas.

Wassalam,
Shugaban Makaranta