Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Kamfanin da Ya Canza Mini Sarƙar Injin Ba Gaira Ba Dalili

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Sau uku ina zuwa ofishinku a Ikeja ana ce mini manaja ya fita, shi ya sa na kawo maganar fili. Ban ambaci sunan kamfaninku ba, domin har yanzu ina sa ran za ku gyara.

Ni mazaunin Agege ne, kuma da Corolla ta 2006 nake haya, da ita nake ciyar da iyali. Ina cikin gosulo a gadar Third Mainland fitilar gargaɗin injin da ke gaban direba ta kama. Mota ta fara jijjiga a silo, in na taka totur sai ta yi nauyi kamar tana jan tirela. Washegari na kawo muku ita. Yaronku ya sa mata kwamfuta, lamba ta fito: P0012. Ko ma'aunin baƙin mai bai zaro ba, ya ce sarƙar taimin ta saki. Kuka karɓi naira 310,000, mota ta kwana huɗu a wajenku. Ban kai Oshodi ba wutar ta dawo, lambar ma ita ce dai.

Wani abokin sana'ata ne ya kai ni wurin wani dattijon makanike a Idi-Araba. Abin da ya fara yi shi ne zaro ma'auni. Man ya yi baƙi ƙirin, ya yi kauri kamar kwalta. Ya murza shi tsakanin yatsu biyu, ya dube ni ya ce, "Ɗana, wane mai suke zuba maka?" Na nuna masa rasit ɗinku, 20W-50, wato mai mai kauri. Ya juyo mini murfin man, ga 5W-30 a rubuce, wanda bai kai wancan kauri ba.

Ya zaunar da ni a benci ya yi mini bayani. Wannan injin yana da tsarin VVT-i, wanda ke matsar da lokacin buɗewar bawul gaba ko baya, kuma da ƙarfin baƙin mai yake aiki. Akwai wani ɗan bawul na lantarki da ke tura man zuwa giyar kamshaf, wato sandar da ke buɗe bawulolin injin, kafin shi kuma akwai ɗan raga da ke tace datti. Lambar P0012 cewa take kamshaf ya makara, bai kai inda kwakwalwar mota ta umarce shi ba. Ba ta faɗin dalili. Sarƙa na iya jawo haka, gaskiya ne, amma ita ce ta ƙarshe da ake zargi, bayan an duba mai da raga da bawul ɗin.

A gabana ya kwance noti ɗaya ya zaro ragar, ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba, ta toshe da dauɗa har haske ba ya ratsa ta. Ya wanke ta da fetur, ya sa wa bawul ɗin batir muka ji yana ƙas-ƙas, ya juye mai ya canza filta. Yau sati uku ina zirga-zirga tsakanin Agege da Mile 12, wuta ba ta sake kamawa ba.

Abin da ya fi ci mini rai, Alhaji, shekara biyu ku ke yi mini sabis. Ku kuka zuba man da bai dace ba, sannan kuka caje ni kuɗin ciwon da ba shi ne ke damun motar ba. Da na nemi tsohuwar sarƙata, aka ce an zubar. Kuɗin nan adashi na ɗauka, ga kwana huɗu ban fita aiki ba.

Ina neman ku dawo mini da kuɗina, ko ku fito da tsohuwar sarƙar a auna ta a gaban makanike na uku. In sati biyu ya wuce ban ji daga gare ku ba, zan kai rasit ɗin biyu da hoton ragar ofishin LASCOPA, hukumar kare haƙƙin masu saye ta Jihar Legas.

Naku,
Direban haya daga Agege