A koya wa ƙananan yara su wane ne 'yan mazan jiya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini.

Ni malamar firamare ce a Kaduna. Kwanakin baya wani yaro ɗan aji uku ya tambaye ni, "Malama, wai Kalapanzin da wane yare ne?" Kullum ta ƙofar barikin soja mai wannan suna yake wucewa. Na ce masa sunan wani kogi ne a ƙasar Bama, wadda yanzu ake kira Myanmar, inda kakanninmu suka gwabza da sojojin Japan a Yaƙin Duniya na Biyu. Aji ya yi tsit. Da na ƙara musu da cewa barikin Dalet a nan Kaduna da na Chindit a Zariya su ma daga can sunayensu suka samo asali, kuma da Hausa yawancin sojojin nan suke magana da juna a dajin Bama, sai tambayoyi suka yi ta zuwa har aka kaɗa ƙararrawa.

Duk ranar 15 ga Janairu, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970, ana faretin tunawa da 'yan mazan jiya a Abuja, a ajiye furanni, a saki tantabaru. Yaro yana gani a talabijin, amma bai san don wa ake yi ba. Abin nan yana damuna ƙwarai, domin a ajina akwai marayun da iyayensu suka rasu a fagen daga a Arewa maso Gabas.

Yaro ɗan shekara bakwai ba ya buƙatar labarin jini da gawa, kuma ba na son a burge shi da bindiga. A gayyato masa tsohon soja na unguwa, wanda ya je Laberiya ko Saliyo, ya zauna a tabarma ya ba shi labarin kewar gida, da abincin da suka ci, da abokin da bai dawo ba. Daga nan a yi wa mamatan addu'a, Musulmi da Kirista kowa yadda ya saba.

Sojojinmu da suka je Bama kuwa, kusan duk sun riga mu gidan gaskiya. Ina roƙon jaridarku ta ware shafi a watan Janairu, iyalai su aiko da hotunansu da lambobin yabonsu, mu kuma mu kai aji mu nuna wa yara.

Na gode.

Wata malamar firamare,
Kaduna