Azumin rage ƙiba: agogo kaɗai ba ya narkar da kitse

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman fili a jaridarmu mai farin jini domin in ja hankalin masu karatu kan azumin sa'o'i, tsarin rage ƙiba da ya karaɗe wayoyin jama'a. Abin da ya dame ni shi ne ana yaɗa sunan tsarin, amma ba a yaɗa sharuɗɗansa.

Mafi shahara shi ne 16:8. Mutum zai kame baki sa'o'i 16, har da lokacin barci, sannan ya ci abincinsa duka cikin sa'o'i 8, misali daga ƙarfe 10 na safe zuwa 6 na yamma. Kada kalmar azumi ta rikita kowa: ana shan ruwa, da shayi ko gahawa marasa sukari da madara. Akwai kuma 5:2, wanda Michael Mosley, likita kuma ɗan jarida na Birtaniya, ya yayata a 2012, inda ake cin abinci yadda aka saba kwana biyar, a sauran kwana biyun da ba sa jere kuma a tsaya a kalori 500 zuwa 600 (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki).

To, me ke rage nauyin? Ƙarancin abin da ya shiga ciki ne. A 2022 mujallar New England Journal of Medicine ta buga wani bincike da aka yi a birnin Guangzhou na ƙasar Sin kan mutum 139 masu ƙiba. An rage wa kowa kalori, amma rabinsu an ƙara musu sharaɗin ci tsakanin 8 na safe da 4 na yamma kawai. Bayan shekara guda, masu bin agogo sun rage kimanin kilo 8, sauran kuma kilo 6.3, kuma masu binciken ba su ɗauki wannan tazara a matsayin bambanci tabbatacce ba. Ke nan amfanin agogo shi ne yana toshe ƙofar ciye-ciye, musamman na dare. Wanda ya rama abincin yini guda cikin sa'o'i 8 ya sha yunwar banza.

Lissafin ba shi da wuya. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori kusan 7,700. Idan aka rage 500 a kullum, za a sauke wajen rabin kilo a mako, kuma wannan ya isa. A ina za a samo 500 ɗin? Babban cokali ɗaya na man girki, kowane iri ne, kalori 120 ne, domin giram ɗaya na mai yana da kalori 9, na sitaci ko furotin (sinadarin gina jiki) kuwa 4. Lemon gwangwani mai mililita 330 yana da sukari wajen giram 35, kalori 140 ke nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada sukarin da ake ƙarawa ya kai kashi 10 cikin 100 na kalorin abincin yini, wato kusan giram 50, a tsaya a 25 ma ya fi. Wanda ya bar lemo biyu, ya kuma rage cokali biyu na mai, ya cike lissafinsa tun bai taɓa farantinsa ba. Shi ya sa nake ganin auna mai da cokali, maimakon tuttula shi daga jarka, ya fi ƙarin sa'o'in yunwa amfani.

Ga mai son gwadawa, kada ya faɗa wa sa'o'i 16 a rana ɗaya. Ya fara da 12 na tsawon mako guda, abin da bai wuce rufe baki bayan abincin dare ba. Ya koma 14 na mako biyu. Idan jiki ya karɓa ya ƙarasa 16, idan bai karɓa ba 14 ma ta wadatar. Gara lokacin cin ya karkata wajen safiya da rana, domin jiki ya fi sarrafa sukari a farkon yini, kuma a gama cin ƙarshe sa'o'i biyu ko uku kafin kwanciya.

Shi kuwa farantin, rabi ganye da kayan lambu, kwata furotin kamar ƙwai, kifi, nama ko wake, kwatan ƙarshe sitaci daidai dunƙulen hannun mai ci. A fara da ganye da furotin, a ci a tsanake, domin saƙon ƙoshi yakan ɗauki mintoci kafin ya isa ƙwaƙwalwa. Furotin ne aka fi yin sakaci da shi. Mai rage ƙiba yana buƙatar wajen giram 1.2 zuwa 1.6 ga kowane kilo na nauyinsa a yini, alhali ƙwai ɗaya giram 6 ne kacal. Idan furotin ya yi ƙaranci kuma ba a motsa jiki, tsoka ce ke zubewa tare da kitse, jiki ya rage ƙona abinci, ƙibar ta dawo da zarar an saki. Maganin haka tafiya da sauri ta minti 150 a mako, da atisayen ƙarfafa tsoka sau biyu.

Akwai ruɗin makon farko. Hanta da tsoka suna ajiye sukari mai suna glaikojin, kuma kowane giram nasa yana riƙe da ruwa wajen giram 3. Idan ajiyar ta ragu, sikeli zai iya nuna saukar kilo ɗaya ko biyu cikin kwanaki, amma galibi ruwa ne. A mako na uku sai saukar ta yi sanyi, mutum ya karaya ya watsar. A hau sikeli sau ɗaya a mako, da safe kafin a ci komai, a kuma auna ƙugu daidai cibiya: kada ya kai rabin tsawon mutum. Ciwon kai, kasala da taurin bayan gida na kwanakin farko yawanci na ƙarancin ruwa da ganye ne. Ƙarancin barci kuma yana ƙara yunwa, don haka sa'o'i bakwai na barci suna cikin tsarin. Gaggawa ma tana da nata haɗarin, domin zubar da fiye da kilo ɗaya da rabi a mako yana iya jawo tsakuwa a matsarmama.

Wannan tsari ba na kowa ba ne. Mai juna biyu, mai shayarwa, yaron da bai kai shekara 18 ba, da wanda ya taɓa fama da cutar ƙin abinci ko ci ba ƙaƙƙautawa, su nisance shi. Mai ciwon sukari da ke allurar insulin ko shan magani irin glibenclamide kada ya fara sai likitansa ya gyara masa adadin maganin, domin sukarinsa zai iya faɗuwa ƙasa da 70 mg/dL a ma'aunin sukarin jini. Alamun su ne rawar jiki, gumi, jiri da ruɗewa. Wanda ya ji haka ya karya nan take da sukari giram 15, wajen babban cokali ɗaya a ruwa, ya auna sukarinsa bayan minti 15. Haka mai shan maganin hawan jini ko wani maganin da sai da abinci ake sha, ya fara zama da likita a tsara masa lokutan shan maganin kafin ya sauya lokutan cinsa.

Na gode, Malam Edita. Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Naka,
Wani ma'aikacin lafiya mai bibiyar jaridarku