Doka ta sauke min bashi, wurin aiki za su ba ni sabuwar mota, amma da wane ido zan dubi Alhaji?

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Allah ya gafarta Malam.

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka. Ni mutumin Zariya ne, mazaunin Bradford a arewacin Ingila, da mata ɗaya da 'ya'ya uku. Ta intanet nake sauraron shirinka duk mako. Ina roƙon a sakaya sunana, domin Hausawan da ke nan ba mu da yawa, kowa ya san kowa.

Da ina da shagon kayan abincin Afirka: garin rogo, manja, busasshen kifi, doya, daddawa da sauransu. Annobar korona ta 2020 ta fara girgiza shi. Da aka shiga 2022 kuɗin wuta da gas suka yi tashin gwauron zabi, ga firiza a kunne dare da rana, ga hayar shago, sai bashi ya yi min katutu. A farkon 2024 na nemi a ayyana ni a matsayin wanda ya yi karayar arziki. A Ingila da Wales, tun 2016, idan kai ne ka nema da kanka ba sai ka tsaya gaban alƙali ba. Ta intanet ake cike takardar, a biya fam 680, wani jami'in Insolvency Service, hukumar gwamnati mai kula da karayar arziki, ya duba ya yanke. A watan Maris na 2024 aka amince, jami'in da ake kira Official Receiver ya karɓi ragamar abin da na mallaka. Motar da nake ɗaukar kaya da ita ta koma hannun kamfanin da ya ba ni ita bashi. Aka bar min wata tsohuwar ƙaramar mota ƙirar 2009, saboda ba ta da wata daraja kuma da ita nake zuwa neman abinci.

Bayan wata 12, a Maris na 2025, aka sallame ni daga karayar arzikin, wato doka ta sauke min bashin. Sai dai sallamar ba ta raba ni da komai ba. Na sa hannu a yarjejeniyar biyan fam 90 duk wata daga albashina har shekara uku, ba za ta ƙare ba sai 2027, kuma dole in sanar da jami'in duk lokacin da kuɗin shigata ya canza. Sannan maganar za ta zauna a kundin tarihin bashina shekara shida daga ranar da aka yanke, wato har 2030. Duk mai ba da rance da ya buɗe sunana, ita zai fara gani.

Bayan rufe shago na shiga aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Allah cikin ikonsa, yanzu an ƙara min girma, ni zan riƙa duba ma'aikata a Halifax da Keighley da Huddersfield. Yankin duk tuddai ne, wani gidan sai ƙarfe shida na safe ake son ka isa, wani kuma goma na dare, bas ba za ta kai ka ba. Tsohuwar motar kuwa ta gama aikinta. Da na kai ta gwajin shekara-shekara na MOT, makanike ya ɗaga ta sama ya kira ni in gani da idona. Gishirin da ake watsa wa tituna lokacin sanyi ya cinye ƙasanta, ya sa sukudireba ya ɗan danna kusa da tayar baya, ƙarfen ya ɓurme, tsatsa ta zubo masa a kafaɗa. Ya ce kuɗin walda zai fi kuɗin motar.

Wurin aikin sun ba ni zaɓi biyu, sun ce in ba su amsa kafin ƙarshen wata.

Na farko alawus ɗin mota, fam 400 a wata a kan albashi, in nemo motata da kaina, da sharaɗin kada ta wuce shekara shida da ƙerawa kuma inshorarta ta haɗa da zirga-zirgar aiki. A ido kuɗi ne mai auki. Amma albashi ake ɗaukarsa, za a cire haraji da kuɗin inshorar ƙasa kafin ya iso hannuna. Akwai ɗan sauƙi ta wajen mil: a shekarar haraji ta 2025 zuwa 2026, hukumar haraji ta HMRC ta yarda a biya ma'aikaci kwabon Ingila 45 kan kowane mil na aiki ba haraji, har mil 10,000 na farko a shekara, daga nan ya koma 25. Duk da haka ina motar? Wanda bai daɗe da fita daga karayar arziki ba, ina zai samo tsabar kuɗin mota 'yar shekara biyar? Manyan masu ba da rancen mota ba su ko saurare ni ba. Waɗanda suka saurara kuɗin ruwan da suka yanka min ya haura kashi 30 cikin ɗari a shekara. Malam, ko da riba ba haramun ba ce, wannan ramin da na fito ne ake nuna min in sake faɗawa. Surukina ya ce a karɓa da sunan maiɗakina tunda nata sunan fes yake. Mai ba da shawara a ofishin Citizens Advice ya gargaɗe ni cewa karɓar rancen mota da sunan wani alhali wani ne zai riƙe ta ya biya, ana iya ɗaukarsa zamba. Ni ma zuciyata ba ta kwanta ba. Baiwar Allah da ke aikin rabin yini a kicin ɗin makaranta, ba zan rataya mata bashin da ba nata ba.

Na biyu haya ce ta dogon zango ta hannun ma'aikata. Kamfaninmu ne zai yi yarjejeniya da masu hayar motoci, ya ba ni sabuwar mota mai lantarki na shekara uku, a riƙa cire kuɗin daga albashina tun kafin a lissafa haraji. Inshora, gyara, tayu da harajin hanya duk suna ciki. Tunda kamfani ne mai haya ba ni ba, sun ce ba za a binciki tarihin bashina ba. Gwamnati tana ɗaukar motar wata moriya ce da ake biya wa haraji, amma na mai lantarki kaɗan ne, kashi 3 cikin ɗari na farashinta ake lissafawa a shekarar haraji ta 2025 zuwa 2026. Kuma doka ba ta yarda abin da za a cire ya mayar da albashi ƙasa da mafi ƙarancin albashi na ƙasa ba. An lissafa nawa, ya tsallake da ƙyar.

Hankalina ya fi karkata ga wannan, ban ɓoye ba. Ban ga rance a cikinta ba, haya na gani, kuma ba wanda zai buga min ƙofa. Amma tana ɗaure mutum. Idan na bar aikin kafin shekara uku akwai tarar katse yarjejeniya, a ƙarshe kuma a miƙa makulli a tafi hannu rabbana. Abin da ake tara min na fansho zai ragu tunda albashin da ake lissafi a kansa ya ragu. Gidanmu irin na jere ne da ƙofarsa ke buɗewa kan titi, ba inda zan kafa na'urar caji, sai ta kasuwa mai tsada. Ga jami'in can, Official Receiver, da zan kai wa bayani: in alawus na ɗauka zai ga kuɗin shigata ya ƙaru, yana iya ƙara fam 90 ɗin, in haya ce zai ga abin da ke zuwa hannuna ya ragu, yana iya tambayar dalili. Wannan ɓangaren na doka zan bi shi da masana a nan, ba zan ɓoye masa ko kwabo ba.

Abin da ya hana ni barci daban ne, shi ya sa na rubuto maka. A cikin waɗanda ke bi na bashi akwai wani dattijo ɗan uwanmu Bahaushe, Alhaji muke ce masa. Lokacin da shago ya fara tangal-tangal ya ba ni fam 3,000, ba takarda ba shaida, ya ce in na samu in kawo. Doka ta tilasta min sa sunansa a jerin masu bi na bashi, ta kuma hana ni fifita shi a kan banki. Abin da zai samu daga rabon bai taka kara ya karya ba. Har yau bai taɓa ɗaga min maganar ba. Sahu ɗaya muke tsayawa ranar Juma'a, in an sallame ya miƙo hannu ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. To Malam, in shigo harabar masallacin nan da mota fil a leda? Wa zai tsaya sauraron bayanin cewa ta kamfani ce? Cewa za a yi ya cinye kuɗin mutane ya fito da sabuwar mota, labarin kuma kafin la'asar ya isa Tudun Wada. Surutun mutane zan iya jurewa. Abin da Alhaji zai ji a ransa ya yi shiru da shi, wannan ne ba zan iya ba.

Na san ayar Suratul Baƙara da ta ce a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi. Na kuma san Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya taɓa ja da baya daga sallatar gawar mai bashi sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Takardar sallamar da ke hannuna ta gwamnatin Ingila ce. Shin a wurin Allah ta sauke min kuɗin Alhaji, ko suna nan a wuyana? Idan suna nan, hawa sabuwar mota saboda aiki ya halatta gare ni kafin in biya shi, ko in roƙi ma'aikata su bar ni da wata tsohuwa mai araha ko da zan rasa alawus ɗin? Ita kanta hayar da ake cirewa daga albashi, akwai abin riba a ciki da ban gani ba, ganin cewa kamfanin hayar ma da rancen banki yake sayen motocinsa?

Maiɗakina ta ce in je gidan Alhaji kafin in sa hannu a komai, in shimfiɗa masa maganar, in yi masa alƙawarin wani abu duk wata daga ɗan abin da ya rage mana na cefane, sauran kuma idan yarjejeniyar ta ƙare a 2027. Ina ganin gaskiyarta. Tsorona kada ya ce ya yafe don kunya alhali yana buƙatar kuɗinsa, domin na san yana gina wa mahaifiyarsa ɗaki a gida. Yaya zan yi masa maganar yadda zai faɗi abin da ke ransa ba tare da na sa shi a kwana ba? Kuma in tafi ni kaɗai, ko in nemi limaminmu ya raka ni?

Ina roƙon a karanta wasiƙar nan kafin watan ya ƙare, Malam, domin ma'aikata suna jiran amsata. Allah ya ƙara ilimi mai amfani, ya saka da alheri.

Wassalam,
Ɗalibinka daga Bradford, Ingila.