Saƙo ga 'Yan Birnin Kudu Mazauna Ƙasashen Waje a kan Tarihin Kwalejin Garinmu da Wasanninta

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu 'yan asalin Birnin Kudu da kewayenta, waɗanda ke zaune a Saudiyya da Ingila da Amurka da Masar da Malesiya da sauran ƙasashe, muna gaishe ku da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya tare da iyalanku, Allah ya tsare ku a duk inda kuke neman ilimi da halal. Kwamitin gudanarwa na ƙungiyarmu ya ɗora mini nauyin rubuto muku wannan saƙo a kan Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu, musamman ɓangaren tarihinta da ya shafi wasanni, da kuma gudummawar da muke roƙo ku bayar domin a tattara wannan tarihi tun waɗanda suka gani da idonsu suna raye.

Abubuwan da aka san garinmu da su ba ɓoyayyu ba ne. Masana tarihi sun san shi saboda zane-zanen mutanen da da ke jikin duwatsu irin su Dutsen Habude da Dutsen Mesa, marasa lafiya daga jihohi maƙwabta sun san shi saboda asibitin gwamnatin tarayya, 'yan siyasa kuma sun san cewa ƙaramar hukumarmu ta ba Jihar Jigawa gwamnoni biyu, wato Ali Sa'ad Birnin Kudu da ya riƙe jihar daga 1992 zuwa 1993, da Alhaji Sule Lamido na Bamaina da ya yi mulki daga 2007 zuwa 2015. Amma duk wanda ya daɗe a waje zai shaida cewa idan ya haɗu da wani dattijo ɗan tsohuwar Jihar Kano ya ce masa daga Birnin Kudu yake, sau da yawa abin da dattijon zai fara ambata shi ne kwalejin, ko dai ya ce a can ya yi karatu, ko ya ce yayansa ko malaminsa a can ya gama. Makarantar ta kai sunan garin wuraren da mu kanmu ba mu taɓa zuwa ba.

Dalilin haka yana cikin yadda aka tsara makarantun sakandare na kwana a Arewa. A zamanin da irin waɗannan makarantu ba su da yawa, ba a gina su don yaran gari ɗaya kawai ba, ana zaɓo ɗalibai ne ta hanyar jarrabawar shiga daga ko'ina cikin lardi, saboda haka yaron da ya taso a Haɗeja ko Gumel ko Kazaure ko cikin birnin Kano sai ya tsinci kansa a ɗakin kwana ɗaya da ɗan Gwaram ko ɗan Buji, su shekara biyar suna cin abinci a kwano iri ɗaya. Lokacin da gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta ƙirƙiro jihohi 12 a 1967, kwalejin ta kasance cikin Jihar Kano, a ƙarƙashin Gwamna Audu Bako wanda ya yi mulki har zuwa 1975. Daga nan sauye-sauye suka yi ta biyo baya. Shirin ba da ilimin firamare kyauta na 1976 ya cika makarantun firamare da yara, bayan shekara shida kuwa waɗannan yara suka iso ƙofar sakandare da yawan da ba a saba gani ba. A 1977 Jihar Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, waɗanda suka riƙa jan haziƙan ɗalibai daga sauran makarantun jihar. A farkon shekarun 1980 aka koma tsarin ƙaramar sakandare da babbar sakandare, shekara uku-uku, a maimakon aji ɗaya zuwa aji biyar da manyanmu suka sani. Sannan a ranar 27 ga Agusta, 1991, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙirƙiro Jihar Jigawa da hedikwata a Dutse, kwalejin ta zama ɗaya daga cikin tsofaffin makarantun da sabuwar jihar ta gada. Duk wanda ya yi karatu a cikinta ya faɗa cikin ɗaya daga waɗannan zamuna, shi ya sa idan tsofaffin ɗalibai biyu suka zauna hira za a ji kowa yana ba da labarin makaranta ɗaya amma da fasali daban.

Idan ana maganar waɗanda kwalejin ta yaye, sunayen da ake fara kawowa su ne irin na Alhaji Aliko Dangote da na Dakta Abdullahi Umar Ganduje, wanda ya yi gwamnan Kano daga 2015 zuwa 2023, kuma ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta BIKOBA tana da hujjar yin alfahari da su. Sai dai a ganinmu, tarihin da ya tsaya a kan manyan mutane kaɗai ya bar mafi yawan 'ya'yan makarantar a waje. Dubban da suka ratsa ta sun zama malaman makaranta da ma'aikatan jinya da 'yan sanda da manoma da 'yan kasuwa, ba a jin sunansu a rediyo, amma a zamaninsu da yawa daga cikinsu babu wanda ya kai su suna a harabar makarantar, domin su ne suke ciyo wa gidajen kwanansu na makaranta kofi a gasar wasanni. Wannan shi ne ɓangaren da muke so a ceto.

Wasanni a makarantun kwana na gwamnati ba abin ganin dama ba ne, suna cikin jadawalin yini kamar yadda darasi da sallah da nazarin dare suke. Tun daga Kwalejin Katsina da aka kafa a 1921, wadda daga baya ta zama Barewa, Turawa suka shigo da tsarin raba ɗalibai gida-gida, kowane gida da sunansa da launinsa da kyaftin ɗinsa da malamin da ke kula da shi, sauran makarantun da aka buɗe daga baya kuma suka ɗauki wannan tsari. Bayan sallar la'asar a kan kaɗa ƙararrawa kowa ya fito fili, wasu su nufi ƙwallon ƙafa, wasu ƙwallon raga ko ƙwallon hannu, wasu kuma guje-guje da tsalle-tsalle. Wanda ba ya iya gudu ma yana da aikin yi, ko ɗebo ruwa, ko zuba farar ƙasa a kan layukan tsere, ko riƙe igiyar da ake tsayawa a kai. Yaron da ya zo daga ƙauye bai taɓa sa takalmin gudu ba yakan wuce ɗan birni a tseren mita 1500 da ƙafarsa tsirara, daga ranar kuwa babu mai sake yi masa kallon baƙauye. A aji ana sanin mutum da makinsa, a fili kuwa ana saninsa da juriyarsa da yadda yake riƙe amanar abokan wasansa, kuma sau da yawa daga cikin waɗanda suka nuna hali a fili malamai suke zaɓen shugabannin ɗalibai.

Ƙololuwar abin ita ce ranar gasar gidaje ta shekara. Makonni kafin ranar ake fara tankaɗe da rairaya, kowane gida yana fitar da gwanayensa a tseren mita 100 da 200 da 400, da tseren miƙa sanda, da dogon tsalle da tsallen sama, da jifan mashi da jifan dalma da jifan faifai. A ranar kanta a kafa rumfuna, a gayyato hakimi da shugaban ƙaramar hukuma da jami'an ma'aikatar ilimi, gidaje su yi fareti da tutocinsu, a yi tseren malamai da na tsofaffin ɗalibai da na makarantun da aka gayyato, sannan a rufe da ja-in-ja da igiya da rabon kyaututtuka. Abin da ya sa wannan rana ta shafe mu a matsayin ƙungiyar 'yan gari, ko da wasunmu ba su yi karatu a kwalejin ba, shi ne cewa ita ce ranar da gari yake shiga makaranta. Yaran firamare da almajirai da masu tallar rake da gyaɗa da dattawan unguwa duk sukan kewaye fili, kuma akwai yara da dama da sha'awar karatun sakandare ta fara shiga zuciyarsu a irin wannan rana, tun kafin su san abin da ake koyarwa a cikin ajujuwan.

Akwai wasanni biyu da muke so masu ba da labari su kula da su musamman. Na farko shi ne fayif, wasan da ake buga ƙaramar ƙwallo da tafin hannu a jikin bango, mutum biyu da mutum biyu, wanda malaman Turawa suka kawo Arewa a shekarun 1920 kuma ya samu gindin zama a makarantun kwana har ya zama kamar namu. Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello gwanin wasan ne, kuma ƙaunar da ya yi masa ta taimaka wajen yaɗuwarsa. Na biyu shi ne langa, wadda ba wanda ya kawo mana ita daga waje, a dandali muka gaje ta, yanzu kuma ta samu dokoki da alƙalai har ana yin ta a bikin wasanni na ƙasa. Wannan biki an fara shi ne a Legas a 1973, bayan yaƙin basasa, da nufin haɗa kan matasan ƙasar, Kaduna kuma ta karɓi baƙuncinsa a 1977. Jihohi sun dogara ƙwarai da makarantun sakandare wajen samo 'yan wasan da za su wakilce su, saboda haka duk wani ɗan'uwa da aka taɓa ɗauka daga kwalejin ya je sansanin horo na Jihar Kano ko na Jigawa, ko a guje-guje ne ko a ƙwallo ko a wasannin gargajiya, labarinsa na cikin abin da muke nema da gaggawa.

Ku da kuke waje kun ga yadda wasu al'ummu suke riƙe irin wannan tarihi. Wanda ya kai ɗansa makaranta a Ingila ya ga allunan katako a bangon babban zaure ɗauke da sunayen kyaftin-kyaftin shekara bayan shekara. Wanda ke zaune a ƙananan garuruwan Amurka ya ga yadda mutanen gari suke cika filin makarantar sakandarensu a daren Juma'a, ya kuma ga kabad ɗin gilashi a bakin ƙofa cike da kofuna da hotunan ɗaliban da yanzu jikokinsu ne suke wasa a filin. Wannan ba aiki ne mai cin kuɗi da yawa ba, abin da yake buƙata shi ne a samu masu ɗaukar abin da muhimmanci. Namu tarihin yana warwatse a cikin tsofaffin albam da ƙasan akwatuna da kawunan dattawa, kuma kowace shekara muna yin ta'aziyyar wasu daga cikin waɗanda suka fi kowa saninsa.

Saboda haka kwamiti yana roƙon kowane ɗan ƙungiya ya binciki abin da ke hannunsa da hannun iyayensa da yayyensa. Hoton tawagar ƙwallo, takardar shaidar cin tsere, lambar yabo, takardar shirin ranar gasa, mujallar makaranta, har da tsohuwar rigar gida, duk suna da amfani. A ɗauki hotonsu da waya a wuri mai haske, a rubuta shekarar da sunan gidan da sunayen waɗanda aka gane, a bar ainihin kayan a hannun masu su. Wanda yake da dattijo a gida da ya yi karatu ko ya koyar a kwalejin, ya nemi izininsa ya naɗi muryarsa idan sun yi waya ko idan ya je hutu, ya tambaye shi sunayen gidajen zamaninsa, da malaman wasanni, da makarantun da suke karawa da su, da yadda ake tafiya wasan waje, da waƙoƙin da ake yi wa gwanaye. Muna roƙo da girmamawa a guji ƙarin gishiri, domin an san tsohon ɗan wasa da son gyara labarinsa. Duk wani sakamako ko bajinta da za a shigar cikin kundin, sai an samu takarda ko shaidar wani da ya yi zamani da mai labarin, abin da bai samu haka ba za a ajiye shi a matsayin ruwayar mai shi.

Magana ta biyu ita ce tallafi ga ɗaliban da ke makarantar a yau. Ra'ayin kwamiti shi ne mu ɗauki abin da za mu iya riƙewa kowace shekara, kamar kofin gasar gidaje da ƙwallaye da raga da rigunan wasa da akwatin taimakon gaggawa, maimakon mu yi alkawarin babban gini da zai tsaya a tubali. Ba za a miƙa kuɗi a hannun wani mutum ɗaya ba. Za a fara tuntuɓar shugaban makarantar da malamin wasanni a ji abin da suka fi buƙata, a sanar da ma'aikatar ilimi ta jiha, a kuma yi shawara da BIKOBA domin kada mu maimaita abin da suka riga suka yi ko mu shiga hurumin da yake nasu. Wasu daga cikin iyayenmu mata da 'yan'uwanmu mata sun ja hankalin kwamiti cewa makarantun 'yan mata na yankinmu su ma suna yin gasar gidaje kuma suna da nasu gwanayen, kwamiti ya karɓi wannan gyara, kuma duk abin da aka tara za a ware musu kaso a ciki.

Wakilin ƙungiya na kowace ƙasa shi ne zai karɓi hotuna da muryoyi da gudummawa daga 'yan'uwan da ke yankinsa, ya ba da rasit ga duk wanda ya ba da kuɗi, sannan ya turo wa sakatariya. Za a karanta cikakken bayanin abin da ya shigo da abin da aka kashe a taronmu na gaba ta intanet, a nan ne kuma za a zaɓi mutanen da za su tace labaran su tsara su bisa zamani. Masu sha'awar shiga wannan aiki, musamman waɗanda suka karanci tarihi ko suka koyar da wasannin motsa jiki, su sanar da wakilinsu kafin taron.

Allah ya jiƙan malamanmu da 'yan'uwanmu da suka riga mu gidan gaskiya, ya saka wa kowa da alheri.

Wassalam.

Sakataren ƙungiya, a madadin kwamitin gudanarwa.