Ƙwaya ɗaya da safe: abin da na gani a kan maganin ADHD mai dogon zango

Assalamu alaikum Edita. Ina neman ɗan fili a jaridarka in yi magana da iyaye 'yan'uwana a kan wani magani da na daɗe ina gudu, wanda yanzu ɗana yake sha kullum da safe. Ni ba likita ba ne. Uba ne mai 'ya'ya biyar, kuma na ukunsu, mai shekara 11 yanzu, likita ta tabbatar yana da larurar da ake kira ADHD, wato larurar da ke hana mutum natsuwa da tsayar da hankali a kan abu guda, ta kuma sa ya aikata abu kafin tunani ya iso.

Kafin mu san sunan abin, mun ba shi sunaye iri-iri: ƙiriniya, rawar kai, rashin ji, ƙyuya. Yaro ne da za ka aike shi ɗaki ya ɗauko maka takalmi, bayan minti goma ka leƙa ka tarar ya kwance bayan rediyo yana duba abin da ke ciki, aiken ya bi iska. A aji ba ya cika minti biyar a kujera. Kowane shafi na littafinsa an fara aiki, ba a ƙarasa ba. Dangi suka yi ta ce mini icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ni kuma na bi maganarsu. Na doke shi, ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Yakan yi kuka ya ce, "Baba, wallahi ina so in zauna, jikina ne ba ya yarda." Ina ɗauka wayo yake yi mini. Har yau in wannan magana ta faɗo mini a rai sai in rasa abin da ke yi mini daɗi.

Mahaifiyarsa ce ta matsa sai da muka kai shi wurin likitar ƙwaƙwalwar yara. Ba a zama ɗaya ta yanke hukunci ba. Ta ba mu takardar tambayoyi, ta ba malamarsa irinta, ta sa aka duba idonsa da kunnensa, ta tambayi yadda yake barci, domin yaron da ba ya gani sosai ko ba ya samun isasshen barci shi ma yakan kasa natsuwa. Ta ce ba a cewa yaro yana da wannan larura sai alamomin sun haura wata shida, sun fara tun kafin ya kai shekara 12, kuma ana ganinsu a wuri fiye da ɗaya, ba a gida kaɗai ko a makaranta kaɗai ba. Ta ce kimanin yara biyar cikin ɗari ke da ita a duniya, kuma sau da yawa gado ce.

Da ta ambaci maganin, ta ce daga cikin masu zaburar da ƙwaƙwalwa yake, sai na miƙe tsaye. Na ce, "Likita, yaron da kuzari ya yi masa yawa, shi za a ƙara wa kuzari?" Ta ce, "Malam, zauna ka ji. Injin motarsa lafiya lau yake. Birkin ne ba ya kamawa, shi muke so mu tasa." Ta bayyana mini cewa sashen gaban ƙwaƙwalwa, wanda ke ce wa mutum dakata, gama wannan tukuna, yana aiki ne da wasu sinadarai biyu, dofamin da noradrenalin. Maganin, mai suna metilfenidet, yana hana jijiyoyin ƙwaƙwalwa saurin janye waɗannan sinadarai bayan sun sake su, sai saƙon ya ɗan daɗe ya isa inda za shi. Duk da haka sai da na yi wata huɗu ban yarda ba. A tsakanin nan na yi ta karatu, domin zargina shi ne sabon abu ne ake gwadawa a kan 'ya'yan mutane. Ashe tun 1937 wani likita a Amurka, Charles Bradley, ya lura cewa irin wannan magani yana natsar da yara masu matsalar ɗabi'a har karatunsu ya gyaru. Shi kuwa metilfenidet, a 1944 wani masanin haɗa magunguna mai suna Leandro Panizzon ya haɗa shi a birnin Basel na ƙasar Switzerland, aka sa masa suna Ritalin saboda matarsa Rita. Maganin ya girme ni nesa ba kusa ba.

Da mai gajeren zango aka fara. Shi wannan yana kama jiki cikin kamar rabin awa, amma awa uku zuwa huɗu ya sake. Saboda haka ƙwaya ɗaya da bakwai na safe, ɗaya da tsakar rana a makaranta. Satin farko malamarsa ta aiko mana da takarda cewa ya gama aikin lissafi tun daga tambaya ta ɗaya har ta ƙarshe. Mahaifiyarsa ta ajiye takardar nan har yau.

To, ƙwayar tsakar ranar nan ce ta kusa rushe komai, kuma ita ce dalilin wannan wasiƙa. Kullum ana fita tara ta biyu sai a kira shi ofis ya sha magani, a gaban idon 'yan aji. Yara kuwa ba sa raga wa juna. Cikin kwana kaɗan suna ya fita: mai shan ƙwaya, mai taɓin ƙwaƙwalwa. Wata rana malamar da ke riƙe da maganin ba ta zo ba, wata rana an manta, wata rana sai an tashi za a tuna. Da muka ga haka sai muka yi kuskuren ba shi ƙwayar a hannunsa, ya sha da kansa a ɓoye. Bayan sati uku mahaifiyarsa tana wankin jakarsa ta zazzage ƙaramin aljihu, ƙwayoyi goma sha ɗaya suka zubo. Da na tambaye shi bai yi gardama ba. Ya ce, "Baba, wani lokaci mantawa nake, wani lokaci kuma ba na son su gani." Sai a lokacin na ga rashin kan gadon abin da muka yi: yaron da larurarsa ita ce mantuwa, shi muka ɗora wa nauyin tunawa. Ban da wannan, ko ranar da ya sha duka biyun, yininsa hawa da sauka ne. Wajen goma sha ɗaya na safe ta farko ta fara sakinsa, ya koma ɗan jiya, ta biyu ta kama shi, wajen huɗu ta sake shi kuma, daidai lokacin da zai zauna aikin gida.

Da muka kai wa likita ƙwayoyin nan goma sha ɗaya a cikin takarda, ba ta yi wa kowa faɗa ba. Ta ce lokacin komawa mai dogon zango ya yi. Sinadarin bai canza ba, metilfenidet ɗin nan ne dai. Yadda aka gina ƙwayar ne daban. Wadda aka ba shi ita ce Concerta, da aka amince da ita a Amurka a 2000. Bayanta an shafe shi da kimanin kashi 22 cikin ɗari na maganin, wanda ke narkewa nan da nan. Sauran yana cikin wani ƙoƙo mai tauri da ƙaramin rami a baki ɗaya. Ruwan hanji na ratsa ƙoƙon, wani ɓangare a gindinsa ya kumbura, ya riƙa tura maganin ta ramin kaɗan-kaɗan har kusan awa 12. Akwai wasu nau'o'in da ke zuwa a kafso cike da 'yan ƙananan ƙwayoyi, rabi su narke da safe, rabi bayan wasu awoyi, su kai kamar awa takwas. Akwai kuma wani dabam, lisdeksamfetamin, da ya fito a 2007, wanda ba ya aiki sai jini ya warware shi a hankali. An fara wa ɗana da miligiram 18, bayan 'yan makonni aka kai 27, a nan aka tsaya.

Abin da ya fara faɗa mini bayan satin farko bai shafi karatu ba. Cewa ya yi, "Baba, yanzu ba a kirana ofis."

Ba zan ɓoye wahalarsa ba, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Babbar matsala cin abinci. Abincin rana yakan dawo da shi kusan yadda aka zuba. A wata biyun farko ya rame har wandonsa na makaranta ya yi masa yawa, hankalin mahaifiyarsa ya tashi. A nan na kusa yin ɓarna: na ɗauko wuƙa zan raba ƙwayar biyu, a tunanina rabi zai rage masa matsalar. Allah Ya sa mahaifiyarsa ta ce in kira likita tukuna. Likita ta ce kada in kuskura. Ƙwayar nan ba a raba ta, ba a tauna ta, ba a niƙa ta; in aka fasa ƙoƙon, maganin yini guda zai iya shiga jikin yaro lokaci ɗaya. Dabarar da ta ba mu mai sauƙi ce: ya ci ya ƙoshi da safe kafin maganin ya kama shi, da dare kuma idan yunwa ta dawo, ko ƙarfe tara ne, a ba shi, kada a ce lokacin cin abinci ya wuce. Da haka nauyinsa ya dawo kan hanya.

Sai barci. Wata Asabar muka makara, aka ba shi wajen sha ɗaya na safe. Ƙarfe ɗaya na dare idonsa biyu. Tun daga ranar, in safiya ta wuce ba a sha ba, an bar na ranar ke nan, kamar yadda likita ta ce. Da yamma kuma, lokacin da maganin ke sauka, akwai kamar rabin awa da yakan zama mai saurin fushi, abu kaɗan sai hawaye. Mun koyi kada mu tsare shi da tambaya ko aike a wannan lokaci. Wani abin da ya firgita mu shi ne ranar da ya fito daga banɗaki a guje ya ce ya ga ƙwayar a bayan gidansa, sukutum. Muka ce shi ke nan, ashe ba ta narkewa. Ƙoƙon ne kawai, fanko. Maganin ya riga ya fita. Da an faɗa mana tun farko, da ba mu kwana cikin zullumi ba, shi ya sa nake faɗa a nan.

Duk zuwa asibiti sai an auna nauyinsa da tsayinsa, da hawan jini da bugun zuciya, domin maganin yakan ɗan ɗaga waɗannan biyun, kuma a wasu yaran tsayi kan gaza inda ya kamata ya kai da santimita ɗaya ko biyu. Tun kafin a fara ma sai da likita ta tambaya ko akwai mai ciwon zuciya a dangi, ko wanda ya yi mutuwar fuju'a da ƙuruciya. Da farko ina ganin yawan komawar nan ɓata lokaci ne. Daga baya na karanta wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 1999, wanda ya bi yara 579 tsawon wata 14. Yaran da ake duba su kowane wata, ana daidaita musu awon magani ana jin ta bakin malamansu, sun fi samun sauƙi a kan waɗanda aka bari da kulawar yau da kullum, alhali yawancin waɗannan ma suna shan magani. Tun daga nan ban sake tsallake ranar asibiti ba.

Na san abin da ke ran mai karatu, don shi ne ya fi damuna: kada yaro ya saba, gobe ya zama ɗan ƙwaya. Tsoron ba na banza ba ne. Metilfenidet yana cikin magungunan da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 ta sa wa takunkumi, kuma akwai masu shan sa ba bisa ƙa'ida ba. Amma binciken da aka yi a kan yaran da likita ya rubuta wa bai nuna cewa shan sa yana ƙara musu haɗarin faɗawa shaye-shaye daga baya ba. Mai dogon zango ma ya fi wuyar a yi wasa da shi, tun da a hankali yake shiga jini, ba ya ba da irin tashin da masu maye ke nema, kuma ba ya fita daga gida. Namu a kulle yake, makullin a hannun mahaifiyarsa, a gabanta yake haɗiyewa. Wani abokin aikina ya taɓa roƙona ƙwaya biyu ya gwada wa ɗansa, wai shi ma ba ya jin magana. Na hana shi, ya ji haushina kwana biyu. Ban san abin da ke damun ɗansa ba, ban san lafiyar zuciyarsa ba. Na dai ba shi shawarar ya kai shi a duba.

Kada kuma wani ya ɗauka ƙwayar ta koya wa ɗana karatu. Shekara biyun da ya yi yana zaune a aji hankalinsa na waje, giɓinsu yana nan, sai da muka zauna da shi muka cike, minti goma sha biyar-biyar, da hutu a tsakani. Mu ma an koya mana namu: umarni ɗaya a lokaci ɗaya, a kalle shi ido da ido, a yaba masa nan take in ya yi daidai. Har yanzu yana ɓatar da biro kusan kowane sati, har yanzu yana katse mutane in suna magana. Amma yana da abokai biyu da ke zuwa nemansa, abin da ba mu taɓa gani ba a da, kuma rabona da ɗaga masa hannu shekara biyu ke nan.

Roƙona gare ka, Edita, shi ne ka gayyato likitan ƙwaƙwalwar yara ya amsa tambayoyin iyaye a shafinka na lafiya, musamman a kan yara mata, waɗanda nasu kan zo shiru, ba ƙiriniya, sai dai a ga yarinya ta yi zuru hankalinta ya tafi, a ce daƙiƙiya ce. Malaman makaranta kuma, in an ba ku amanar maganin yaro, ku ba shi a asirce. Mu dai a hutu mai zuwa likita ta ce za a dakatar da maganin na sati biyu a ƙarƙashin kulawarta, a ga ko har yanzu ɗana yana buƙatarsa a wannan awon, ta kuma ce wannan karon shi da kansa zai riƙa rubuta yadda yake ji kowace rana.

Na gode. Allah Ya ƙara wa jaridarka albarka.

Naka,
Wani uba