Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Lafiya kan yaran da ake haifa da kumburin jijiyoyin limf

Ranka ya daɗe, barka da aiki.

Ni uwa ce. An haifi 'yata da wani kumburi a gefen wuya, mai laushi tiɓis, in ka haska shi da tocila sai ka ga haske ya ratsa ta ciki saboda ruwa ne fal. Da ta yi mura sai ya ƙara tashi har numfashinta ya canza, mu kwana a zaune. Likitoci suka ce jijiyoyin da ke kwashe ruwan jiki ne, wato limf, ba su ginu daidai ba tun a ciki, suka zama buhunan ruwa. An yi mata allurar bleomycin a cikin kumburin, an yi tiyata, ya sake dawowa.

Abin da ya sa na rubuto shi ne maganar gwaji. An ɗebi jininta da nawa da na babanta, sakamako ya fito wai ba komai, aka rufe fayil. To ai ba a jini abin yake ba! Tun 2015 masu bincike a Amurka suka nuna yawancin irin wannan kumburin daga sauyi ne a ƙwayar halitta mai suna PIK3CA, kuma ba gadonsa ake yi ba, yana faruwa ne bayan ciki ya shiga, a cikin 'yan ƙwayoyin wajen kawai, shi ya sa sai a naman da aka yanko ko ruwan da aka zuƙo ake samunsa, kuma ko a nan sau da yawa sauyin bai kai kashi 10 cikin 100 na abin da aka gwada ba, gwaji na gama-gari sai ya wuce shi bai gani ba. Naman da aka cire wa 'yata kuwa zubarwa aka yi. Shekara nawa ina jin ana cewa daga wajena ta ɗauko, wallahi har na fara yarda.

Kuma sanin sunan sauyin ba don kwalliya ba ne, shi ke nuna magani. Akwai sirolimus da ake ba wasu yara, a 2022 kuma hukumar magunguna ta Amurka ta amince da alpelisib ga masu tsananin cutukan PIK3CA. Wasu nau'ukan masu shiga ƙashi da ƙirji, sauyinsu a wasu ƙwayoyin halittar masu suna NRAS ko KRAS ko ARAF yake, su wani magani daban ake gwada musu.

Roƙona, ranka ya daɗe, a ba asibitoci umarni duk wanda ya yi wa yaro irin wannan tiyatar ya adana naman, a ware ɗakin gwaji ko guda ɗaya mai na'urar da za ta iya gano sauyi ɗan kaɗan haka, a sa kuɗin cikin inshorar lafiya. 'Yata za a sake shiga da ita tiyata, so nake wannan karon a san inda za a kai naman.

Taka mai biyayya,
Wata uwa